Kalmar da ke Fuskar Agogonka Ba Sunan Kamfani Ba Ce

Mai karatu, in akwai agogo a hannunka ko a bangon ɗakinka, ɗan dubi fuskarsa. Da wuya ka rasa wata kalmar Turanci da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, wato Quartz. Mutane da dama sun ɗauka sunan kamfani ne irin su Seiko da Casio da Rado. Alhali sunan dutse ne, kuma ɗan tsinkensa da ke ɓoye a cikin agogon shi ne ke ƙidaya lokaci. A nawa ganin, abin kunya ne gare mu ɗaliban Hausa a ce abu yana ɗaure a hannunmu dare da rana, amma ba mu iya bayaninsa da harshenmu ba, ba mu kuma taɓa tambayar waɗanda suke cin abinci da shi yadda suke kiransa ba.

Waɗannan mutane kuwa ba a Kano ko Zariya kaɗai suke ba. Duk wanda ya san zangon Hausawa a kudu ya san ɗan tallar agogo, da allonsa a kafaɗa, ya jera agoguna da tabarau da carbi. Ana ganinsu a bakin gadar Anaca da wajen masallacin titin Bida, da kasuwar Gariki ta Inugu, da unguwar Diobu a Fatakwal. Akwai kuma mai gyara, wanda ke zama da ɗan akwatin gilashi da hantsaki da tulin batura. Ga Bahaushen can, agogo ya wuce ado. Ruwan saman Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, da damina sai a wuni rana ba ta leƙo ba, balle a auna inuwa a ce azahar ta yi. Ba kowace unguwa ake jin kiran salla ba, jadawalin shan ruwa na Kano kuma ba ya yi wa mai azumi a Fatakwal daidai. Saboda haka mai dako ko mai yankan farce da ya yi nisa da masallaci, da agogonsa ya dogara.

To yaya dutse yake ƙidaya lokaci? A 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa in aka matse wannan dutse yakan fitar da 'yar wutar lantarki. Daga baya aka tabbatar da akasin haka, in aka ba shi wuta sai ya ɗan motsa. A nan hikimar take. Ana yanka shi siriri mai kai biyu kamar 'yar gwafa, a rufe shi cikin ɗan bututun ƙarfe da bai fi ƙwayar shinkafa da yawa ba. Batir ya ba shi wuta ya motsa, motsin ya haifar da wuta, a ƙara mata ƙarfi a mayar masa, haka dai yake ta karkarwa ba tsayawa. Girman yankan da siffarsa su ne ke ƙayyade saurin karkarwar, kamar yadda tsirkiyar garaya take da muryarta gwargwadon tsawo da ɗaurinta.

A yawancin agoguna karkarwar sau 32,768 ce a kowane sakan. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba. Raba shi biyu ka sami 16,384, sake rabawa ka sami 8,192, ci gaba da haka har sau 15, za ka ga ka sauka a kan 1 cif. Aikin da ɗan guntun lantarkin cikin agogon yake yi ke nan, rabawa biyu-biyu har ya fitar da bugu ɗaya a sakan, shi kuma ya tura allura ko ya sauya lamba. Adadin ya kuma ɗara abin da kunnen mutum ke iya ji, wanda bai wuce kusan 20,000 ba, shi ya sa ba ma jin kukansa. Da an ɗaga shi sosai kuma da ya riƙa shanye batir.

Yana da nasa rauni. An tsara shi ya yi aiki daidai a zafin da ke kusa da digiri 25, in zafi ya ƙaru ko sanyi ya yi yawa sai ya ɗan rage sauri. Agogon da aka ajiye a zafin digiri 40 irin na bazarar Sakkwato zai iya yin lattin kusan sakan 20 a wata. Duk da haka ya yi wa agogon wani fintinkau, wanda kan yi kuskuren irin wannan a kwana ɗaya ko biyu.

An ƙera agogon farko mai aiki da wannan dutse a 1927 a Amurka, girmansa kamar kabad. Sai ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da na hannu mai suna Astron a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikin shekara ashirin farashi ya faɗi warwas, har ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga kusan 90,000 zuwa ƙasa da rabin haka. Arahar da ta jefa su cikin wani hali ita ce ta ɗora agogo a kan allon ɗan tallar Anaca. Bugu da ƙari, wayar salula da ta shigo Nijeriya a 2001, da kwamfuta, da rediyon zamani, duk akwai irin wannan dutse a cikinsu, wasu suna karkarwa sau miliyoyi a sakan.

Yanzu mu dawo gida. Me za mu kira shi? Ni dai ina ganin muna da kalma tun kaka da kakanni, wato ƙanƙara. Ba ta firji nake nufi ba, ƙanƙarar ƙyastu nake nufi, dutsen da ake ƙyasta wuta da shi kafin zuwan ashana, wanda a wurin masana duwatsu dangin wannan dutse ne na jini. "Ƙanƙarar agogo" ta zauna a baki, ta kuma gaya wa mai sauraro cewa dutse ne. Na san za a ce yaran yanzu ba su san ƙyastu ba, da sun ji ƙanƙara sai su tuna ruwan sanyi. Wannan suka ce mai ƙarfi. Wani kuma zai ce a ari "kiristal" kawai a huta, tunda mun ari batir da inji ba mu mutu ba.

Sai dai wannan gardama ba a aji ya kamata a yanke ta ba. Dubi kalmomin lokaci da muke da su. Sa'a da daƙiƙa daga Larabci suka zo ta hannun malamai. Awa da minti da sakan daga Turanci. Ƙarfe, kamar a "ƙarfe biyu", tamu ce, daga ƙarfen da ake bugawa a sanar da lokaci. Ita kanta kalmar agogo daga Yarabanci take, inda ta samo asali daga ƙararrawa. Babu kwamitin da ya zauna ya amince da ita, cuɗanya da mutanen kudu ce ta shigo da ita. Ayyuka irin su littafin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 sun yi mana amfani ƙwarai a nahawu da adabi, domin malamai da ɗalibai ne masu amfani da kalmomin. Kalmomin cikin agogo kuwa masu su suna bakin kasuwa.

Kuma lokaci yana ƙurewa. Waya ta rage cinikin agogo, wanda ya lalace ma sau da yawa cire injin ake yi ɗungurungum a sa sabo, don haka sunayen ƙananan sassa suna ficewa daga bakin masu gyara. Zaman zangon ma ba shi da tabbas, rikicin Fabrairun 2006 a Anaca ya tarwatsa Hausawa da yawa. Mu kuwa kowace shekara sai mu sake rubuta kundi a kan karin magana a finafinai ko salon mawaƙin da aka riga aka yi wa kundi goma.

Shawarata ga 'yan aji huɗu ita ce, a samu ko mutum uku, ɗaya ya nufi Anaca, ɗaya Inugu, ɗaya Fatakwal a hutun ƙarshen zango. A sauka wurin Sarkin Hausawa a nemi izini, a zauna da masu gyaran agogo da na waya, a buɗe agogo a gabansu, a nuna kowane sashe a tambayi sunansa, a naɗi amsar yadda ta fito, ko Hausa ce ko Ibo ko Burokin. Sannan a gwada musu "ƙanƙarar agogo" a ji ko za su karɓa ko dariya za su yi.