Wace Makarantar Firamare Ta Fi A Ƙaramar Hukumarmu?

Duk shekara idan aka kawo sababbin ɗalibai aji ɗaya, ba a yin wata guda sai an gane wanda ya fito daga makarantar kirki da wanda ya yi zaman shekara shida a banza. Wani zai karanta shafi guda na Hausa ba tuntuɓe, wani kuwa ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai, alhali kuwa duk ƙaramar hukuma ɗaya suka fito, kuma takardar shaida iri ɗaya ce a hannunsu. Wannan shi ya sa nake ganin ya kamata mu sake duban yadda muke auna makarantunmu.

Yawancin iyaye idan za su gwada makaranta da makaranta, gini suke dubawa. Wadda aka yi wa sabon fenti da katanga da ƙofar ƙarfe, ita ce mai kyau a wurinsu. To, amma ai ba girin-girin ba, ta yi mai.

A dubi makarantar da ke hedkwatar ƙaramar hukuma, wadda ake kira Santaral. Malamai sun yi mata yawa, domin kowa can yake so a ajiye shi, kusa da kasuwa da asibiti. Sai dai yara sun fi malaman yawa nesa ba kusa ba. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35, amma a can sai ka tarar da aji ya cika har bakin ƙofa, na baya ba sa ko hango allo. Duk da haka ana karatu, saboda idon manya yana kanta.

Sai kuma irin makarantun da ke bakin titi, waɗanda suka fi samun sababbin azuzuwa, tun da nan ne mai wucewa a mota zai gani. Malamansu galibi a gari suke kwana. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na babur ya hau, sai malami ya zo Litinin da Talata, Laraba a ji shiru. Ran kasuwa kuwa ba a magana. Ga benci, ga allo, ga rufin kwano yana ƙyalli, amma yara suna waje suna langa.

Ta ukun ita ce ta can cikin lungu, wadda idan damina ta yi nisa rafi yakan raba ta da duniya. Irin waɗannan kashi biyu ne. Akwai wadda ta mutu murus, sai suna a rajista. Akwai kuma wadda iska ta yaye rabin rufinta, amma hedimasta a ƙauyen yake zaune da iyalinsa, mutanen gari sun ba shi gida da 'yar gona. Ƙarfe bakwai da rabi ya buga ƙararrawa. Yaron da bai zo ba, a masallaci zai haɗu da ubansa da magariba ya tambaye shi dalili. A ajinmu, da yawa daga cikin masu iya karatu da lissafi daga irin wannan makaranta suka fito, kuma kowa ya san haka.

Ba cewa nake gini ba shi da amfani ba. Yaron da ruwa ke zuba a kansa ba zai rubuta kome ba. Haka kuma ba na raina sanin malami. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su aka ɗauki sababbi. Amma jarrabawa abin da ke kan malami take aunawa, ba ta faɗin ko ya shiga aji ran Alhamis. Tun shirin UPE na 1976, da UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, an sha ƙidaya azuzuwa da yawan yaran da aka rubuta. Zuwan malami ne ba a cika ƙidayawa ba.

Saboda haka ina roƙon hukuma ta daina mai da ƙauye wurin horo, watau sai malamin da ya yi laifi ake turawa can. A ɗauki 'ya'yan ƙauyen masu takardar NCE, a gina wa baƙin malamai ɗaki biyu kusa da makaranta kafin a yi zancen katanga.

Ku kuma iyayenmu, kafin ku zaɓa wa ƙannenmu makaranta, ku je ba zato ran kasuwa da hantsi, ku ƙidaya malaman da ke cikin aji. Sannan ku kira yaro ɗaya na aji huɗu, ku miƙa masa wasiƙa ya karanta muku.