Sassaƙen maɗaci ba insulin ba ne

Jama'a, don Allah a daina cutar mutane da kalmar antioxidant. Jiya na ji mai tallan magani a lasifika, wai bincike ya nuna sassaƙen maɗaci na da shi, don haka yana maganin suga da daji.

Eh, yana da shi. Zoɓo ma haka. Amma a kwalba ake gwajin nan fa, ba a jikin mutum ba. A wani bincike na ƙasar Finland da aka wallafa a 1994, mashaya sigari da aka ba ƙwayar beta-carotene, ita ma antioxidant ce, sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari.

Maƙwabciyata ta ajiye allurarta saboda wannan tallan. Yanzu haka tana kwance a asibiti.