Magani da zance ba kishiyoyi ba ne

A asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati, layi ne mai tsawo da likitoci ƙalilan. Mai ciwon damuwa yakan samu 'yan mintoci, a rubuta masa magani, a ce ya dawo wata mai zuwa. Abin da ya jefa shi cikin halin kuwa, rasuwar ɗa ce, ko karyewar jari, ko harin 'yan bindiga, da shi yake komawa gida a ƙunshe.

Ba laifin maganin ba ne. Wanda yake jin muryoyin da babu mai yin su, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana ta sambatu, nasiha kaɗai ba ta isa ta kwantar da shi. Magungunan damuwa irin su fluoxetine da amitriptyline sukan dawo wa mutum da barci da kuzari, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. A wannan tsakanin ne da yawa suke yanke ƙauna su watsar, wasu kuma da sun ji sauƙi sai dangi su ce a daina, ciwon ya dawo.

A nan ne zama da masanin halayyar ɗan Adam yake da muhimmanci. Shi yake da lokacin saurare, ya taya majinyaci gano tunanin da ke cin ransa, ya kuma ƙarfafa shi kan ci gaba da shan magani. A damuwa mara tsanani, zaman kaɗai yakan wadatar. Idan ta tsananta, haɗa biyun ya fi.

Masu cewa wannan tsarin Turawa ne su tuna da Dokta Thomas Lambo, wanda a 1954 ya fara zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, a Abeokuta. A Zimbabwe kuma, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna sauraren masu damuwa a kan benci, a harabar ƙananan asibitoci.

A Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Abin da ya rage wa gwamnatoci shi ne su horar da ma'aikatan asibitocin unguwa wannan aikin, su kuma ware musu lokaci da albashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an zauna an saurare shi.