Hutun ƙarshen shekara da ƙofar gidan likita

Watan Disamba wata ne na bukukuwa a ƙasarmu. Ran 18 ga wata ana tunawa da kafa Jamhuriya a shekarar 1958, ran 25 Kirsimeti, ran 1 ga Janairu kuma sabuwar shekara. Cikin waɗannan makwanni biyu, ƙananan gidajen likita na unguwa da na karkara sukan rage lokacin aiki: a buɗe da safe, a rufe kafin azahar, a liƙa ƴar takarda da Faransanci bisa ƙofa.

Hutu haƙƙin ma'aikaci ne. Akwai ƙauyukan da majo ɗaya da ungozoma ɗaya ke riƙe da aiki dare da rana, kuma wanda bai huta ba yana iya yin kure wajen allura ko awon magani. Amma wajibi ne a tsara hutun yadda maras lafiya ba zai tarar da ƙofa a kulle ba tare da sanin inda zai nufa ba.

Bukukuwan nan suna faɗowa ne tsakiyar hunturu. Sanyi da ƙura suna kawo wa yara tari da ciwon haƙarƙari, wutar jin ɗumi tana ƙona ƙanana, kuma daga nan ne lokacin sanƙarau yake somawa. Ba mu manta da shekarar 2015 ba, sa'ad da wannan cuta ta kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ta kashe fiye da 500. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya. Naƙuda ita ma ba ta duba kalanda.

Ga kuma nisa. A lissafin ma'aikatar kiwon lafiya, mutum yana kusa da likita in tsakaninsu bai wuce kilomita 5 ba, kuma wajen rabin ƴan ƙasa suna zaune nesa da haka. Matar da ta goyo ɗanta tun asuba, ko wadda aka ɗauko a amalanken jaki, ba ta da labarin takardar da ke bisa ƙofa sai ta iso, kuma sau da yawa ba ta iya karanta ta. In ta koma gida hannu banza, wurin mai tallar ƙwayoyi a kasuwa za ta tsaya. Gwamnati ta mai da aikin fiɗar haihuwa kyauta a 2005, ta ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, amma kyauta ba ta isa ga wanda bai samu shiga ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin gundumomin kiwon lafiya da su fitar da jerin masu gadin aiki tun kafin hutu, ta yadda ko wace rana, dare da rana, akwai ma'aikaci ɗaya da aka san sunansa da inda yake kwana, yana riƙe da makullin ɗakin magani. A tabbata motar ɗaukar marasa lafiya tana da mai da direba. Sanarwa kuma a yi ta da harsunan ƙasa, mako guda kafin lokaci, a Muryar Sahel da rediyoyin karkara, a masallatai ran Juma'a, a kasuwanni, da bakin masu gari. Masu tarin fuka, waɗanda maganinsu na wata 6 ne ba fashi, da masu ciwon sukari da hawan jini, a ba su abin da zai kai su bayan hutu.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabta wannan labari. Ku shaida musu cewa awon nauyin yaro mai lafiya yana iya jiran safiya. Amma zubar jini ga mai ciki, jijjiga, numfashi da sauri, zawo mai tsanani, da masassara tare da sandarewar wuya, ba su jiran kowa: a tafi nan take, a ƙwanƙwasa wa mai gadin aiki ƙofa, ko da tsakar dare ne. Allah shi ba mu lafiya, shi kai mu sabuwar shekara.