Sharhi: Homiyofati da Taici, a Auna Kowanne Shi Kaɗai

Sharhinmu na yau ya shafi wasu baƙi biyu da ke shigo mana gida ta wayar salula, waɗanda masu tallar lafiyar jiki da ta zuciya kan haɗa su wuri guda: maganin homiyofati, da motsa jikin Sinawa da ake kira taici. Daga Matameye zuwa Kance, Kurni ko Ɗan Barto, duk mai WhatsApp na iya cin karo da irin wannan talla. Kafin mutum ya sa hannu a aljihu, ya dace ya san tushen kowanne.

Homiyofati dai wani likitan Jamus ne, Samuel Hahnemann, ya ƙirƙiro shi, ya bayyana ƙa'idarsa a 1796. Ya sha ɓawon itacen da ake samun kinin daga gare shi, ya ji alamu irin na masassara, sai ya yanke cewa abin da ke tayar wa mai lafiya alamun ciwo shi zai warkar da mai wannan ciwon, muddin an tsinka shi ƙwarai. Ana zuba ɗigo ɗaya cikin ɗigo 99, a girgiza, a ɗebi ɗaya daga nan a sake zubawa cikin wani 99. Idan kun ga 30CH a jikin kwalba, sau 30 ke nan aka maimaita. Lissafin masana sinadarai ya nuna cewa daga zagaye na 12, da wuya a tarar da ko ƙwayar zarra ta ainihin maganin. Abin da ya saura shi ake yayyafawa a kan ƴan ƙwayoyin sukari.

A zamanin Hahnemann, likitocin Turai zubar wa majiyyaci jini suke yi, su ɗura masa zaiba. Wanda aka ba sukari ya tsira daga wannan azaba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma yau akwai gwaji. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta ce ba ta sami ciwo ko ɗaya da ke da ingantacciyar shaidar homiyofati na warkar da shi ba. Faransa, inda aka daɗe ana shan sa, ta daina biya wa jama'a kuɗinsa daga 1 ga Janairun 2021. Tun a 2009 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kashedin kada a dogara da shi a kan zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, ƙanjamau da zawon jarirai.

Nan ne maganar ta taɓa mu. Da damina, yaron da zazzaɓi ya kama ba ya jiran gwaje-gwajen iyaye. Sukarin ba zai cutar da shi ba, kwana biyun da aka ɓata kafin a kai shi likita a gwada jininsa su ne ke kashewa. Kada kuma a rikita homiyofati da saƙe-saƙinmu. Sabara da zogale suna da sinadarai na gaske, masu iya amfani, masu iya illa in an wuce kima. Coartem ɗin da ake ba mu ma tushensa ganye ne irin tazargade, wanda Basiniya Tu Youyou ta tace, aka gwada, har ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Gwaji shi ke raba magani da tatsuniya.

Taici kuwa labarinsa daban ne. An danganta asalinsa da ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan, cikin ƙarni na 17, a matsayin dabarar kare kai. A 1956 hukumomin Sin suka taƙaita shi zuwa motsi 24 domin kowa ya iya, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2020. Motsi ne a hankali: gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, nauyi na komawa daga ƙafa zuwa ƙafa, numfashi na tafiya a natse. Bincike da dama ya nuna yana rage faɗuwar tsofaffi, yana kuma sassauta ciwon gwiwa. Tsohuwar da ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu, gidan duka ne ke kwanciya.

Manomin rake da mai ban ruwa a fadama ba su rasa motsa jiki ba. Masu buƙata su ne dattawanmu, da ɗan kasuwar da ke wuni zaune a shago, da mai hawan jini ko ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar minti 150 na motsa jiki a mako, tsofaffi kuma su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3 a mako. Farawa ba ta cin ko dala: da sanyin safiya, minti 10 a tsakar gida, kusa da bango don dafawa. Wanda ke ɗari-ɗari da falsafar Sinawa da ke tare da shi, ya ɗauki motsin ya bar sauran. Mai ciwon zuciya ko jiri ya fara jin ta bakin likita, mai shan maganin hawan jini kuma kada ya ajiye shi.

Saboda haka, duk wanda ya kawo muku magani, ku tambaye shi abu uku: me ke ciki, wa ya gwada shi, wace hukuma ta yarda da shi? In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.