Maimaita Sanda Jirge a Adireshin Fayil

Ɗalibin Hausa ya san cewa ninka baƙi ba wasa ba ne: “baba” daban, “babba” daban. Saboda haka yakan yi mamaki idan ya tarar kwamfuta ba ta damu da irin wannan ninki ba.

A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Amurka a 1969, da kuma Linux da ya bi sawunsa, ana raba sunayen jakunkunan fayil ne da sanda jirge (/), daga babba zuwa ƙarami, kamar a ce Katsina/Batsari/Wagini. In mutum ya rubuta Katsina//Batsari///Wagini, wuri ɗaya zai isa. Manhajar da ke karɓar umarni, irin su Bash, galibi miƙa adireshin take yi yadda aka rubuta shi. Zuciyar tsarin ce ke ɗaukar sandunan a matsayin guda. Ƙa'idar POSIX ta amince da haka, sai dai ta yi togiya ɗaya: sanda biyu cif a farkon adireshi, kowane tsari yana da damar ba su ma'anar da ya ga dama. A Cygwin, alal misali, suna nufin wata kwamfuta ce a kan hanyar sadarwa.

To, shin ya dace malami ya ƙyale ɗalibi ya riƙa ninka sandar tunda na'ura ta yafe? Bai dace ba. Togiyar nan kaɗai ta isa dalili, amma akwai wanda ya fi ta nauyi. Sau da yawa sanda biyu a jere shaida ce ta cewa akwai sunan da ya kamata ya zauna tsakaninsu, ya ɓace. Kwamfuta ba za ta yi tambaya ba. Sai ta tsallake gurbin ta wuce. In umarnin na kwafi ne, da sauƙi. In na gogewa ne fa?

A 2015 irin wannan gurbi ya yi ɓarna a manhajar Steam ta Linux. Sunan jakar da za a goge ya zo wayam, sanda jirge ta rage ita kaɗai, wato tushen dukkan jakunkuna, umarnin kuwa ya share fayilolin wani mai amfani da ita, har da na faifan ajiyar da ya jona a jikin kwamfutarsa.