Kada Ka Shaƙe Muryarka da Kwamfuresa

Yau matashi a Rurum Sabon Gari zai iya ɗaukar waƙa a ɗakinsa da BandLab ko FL Studio, ba sai ya je situdiyo a Kano ba. Amma a ganina muna cika matse murya da kwamfuresa. Aikinta ta danne inda ka ɗaga murya don ta daidaita da inda ka sassauta. In ka matsa da yawa, ƙarar janareta da baburan waje ma sai su taso. Saita ta a 3:1, ragin kada ya wuce desibel 6. In za ka ɗaga murya sosai, ja baya daga makirfo. Waƙar da ba ta hawa da sauka ba ta ratsa zuciya.